Filin Tambaya da Amsa: “Weak”, “Frail”, “Feeble”, “Fragile” da Danginsu

Saƙonnin masu karatu na wannan karon sun taru a kan matsala guda: kalmomin Turanci waɗanda ƙananan ƙamusoshi ke tattarawa wuri ɗaya su ce duka “rauni” ne. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar aji shida na sakandare a Zariya: Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar JAMB. A wurin da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa a ma'ana, nakan ga “weak”, “frail”, “fragile” da “feeble” a jere, kuma ƙamusuna ya ce ma'anarsu ɗaya. Yaya zan bambance su?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Ƙamusunki bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar maganar a rabi. Dukansu rashin ƙarfi suke nunawa, amma kowace tana da irin abin da take sifantawa, kuma a nan masu tsara jarrabawa ke kafa tarkonsu.

“Weak” ita ce mai faɗi, kusan ko'ina tana shiga. “Weak tea” shayi ne da ganyensa bai ji ba, ya yi ruwa-ruwa. “Weak signal” sabis ne da ya rage sanda ɗaya a waya. “A weak naira” naira ce da darajarta ta faɗi a kasuwar canji. “A weak argument” hujja ce da ba za ta jure tambaya biyu ba. Kalmar ba ta faɗin dalilin raunin, ba ta kuma nuna ko na yau ne ko na dindindin. Ƙaton saurayi da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, “weak” yake, mako mai zuwa kuma ya miƙe ya koma ƙwallo.

“Frail” ta jiki ce, galibi jikin tsoho ko wanda ya daɗe yana jinya: ya rame, ƙafafu ba sa ɗaukarsa sosai, faɗuwa ɗaya na iya kwantar da shi. Abu ne da ake gani da ido, kuma ba ya wucewa a mako guda. Saboda haka saurayin can mai zazzaɓi ba “frail” ba ne, kuma ba a ce wa shayi ko sabis “frail”. A rubutun adabi kina iya cin karo da ita a kan ƙaramin kwalekwale ko wata tsohuwar gada, amma a jarrabawa, idan kin ga tsoho ko tsohuwa a jimlar, ita za ki fara dubawa.

“Fragile” ta abin da ke fashewa ko karyewa cikin sauƙi ce: tangaran, gilashi, ƙwai. Ki lura da wani abu da ɗalibai ke mantawa. Abin da aka kira “fragile” lafiyarsa ƙalau a yanzu, yana aikinsa, haɗarin kawai shi ne ba ya jure bugu. Shi ya sa ake cewa “a fragile peace”, wato ana zaune lafiya amma ƙaramar husuma na iya wargaza sulhun.

“Feeble” rauni ne da ke fitowa a cikin aiki: murya, motsi, haske, yunƙuri. Kuma tana tafe da tausayi ko raini. “A feeble cry” kukan jaririn da ko ƙarfin kukan ba shi da shi. “A feeble excuse” uzuri ne da mai sauraro zai girgiza kai. Idan malami ya ce aikinki “weak” ne, ya nuna miki akwai gyara. Idan ya ce “feeble” ne, ya haɗa da cewa ba ki ma yi ƙoƙari ba.

Tarihin kalmomin yana taimakawa wajen riƙe su. “Weak” ta shigo Turanci daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila. Sauran ukun asalinsu Latin ne, kuma “frail” da “feeble” sun biyo ta Faransanci bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. “Frail” da “fragile” tushensu ɗaya, “fragilis”, mai karyewa. Ta farko ta riga shiga, ta lanƙwashe a bakin mutane, ta biyu ta zo a ƙarni na 16 da kusan siffarta ta asali. “Feeble” kuwa daga “flebilis” take, abin da ya isa a yi masa kuka, kuma har yau wannan tausayin bai bar ta ba.

A ɗakin jarrabawa, kada ki fara da kalmomin zaɓi. Fara da sunan da ake sifantawa. Kaya ne a kwali? “Fragile”. Kaka ce mai shekara casa'in? “Frail”. Yunƙuri ne, ko murya, ko uzuri? “Feeble”. Idan babu ɗaya daga ciki da ta zauna daram, sannan ki koma kan “weak”. A tambayar kishiyar ma'ana kuma, “weak” na tafiya da “strong”, “frail” da “robust”, “fragile” da “durable” ko “tough”, “feeble” da “vigorous”. Wajen kwatanci ana cewa “weaker”, “frailer”, “feebler”, amma “more fragile”. Aikatau ɗin “weak” shi ne “weaken”: “the illness weakened him”. Babu “weaked” a Turanci, kuma kuskure ne da ke yawan cinye maki a rubutun insha'i.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar makarantar koyon aikin jinya a Katsina: Mara lafiya yakan ce mini “jikina ya mutu” ko “ba ni da ƙarfi”, ni kuma da Turanci zan rubuta a fayil. Kullum “weakness” nake sawa. Malamarmu ta ce ba kowane lokaci ne ya dace ba. Ina bambancin yake?

AMSA: Malamarku ta yi gaskiya, 'yar'uwa, kuma wannan ba maganar ƙawata Turanci ba ce, domin likitan da zai karanta fayil ɗin bayanki da abin da kika rubuta zai yi aiki.

A harshen asibiti, “weakness” na nufin ƙarfin tsoka ya ragu, raguwar da za a iya gwadawa. Akwai ma'aunin da aka saba da shi, daga 0 zuwa 5. Sifili, ko motsi babu. Ɗaya, ana ganin tsokar na ɗan harbawa amma gaɓar ba ta gusawa. Biyu, yana iya jan hannun a kan gado amma ba ya iya ɗaga shi sama. Uku, yana ɗagawa, amma da kin danna kaɗan sai ya sauka. Huɗu, yana ture hannunki amma ba da cikakken ƙarfi ba. Biyar, lafiya lau. Wanda ya ce jikinsa ya mutu amma ya matse yatsunki gam, ya tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, abin da ke damunsa ya fi kusa da “fatigue”, wato gajiyar da hutu bai cika kawar da ita ba, irin ta mai ƙarancin jini. “Lethargy” kasala ce da ta haɗa da nauyin ido da jinkirin amsawa. A wurin ƙaramin yaro wannan kalma babba ce: yaron da aka rubuta masa “lethargic” yana cikin masu alamar haɗari, ba a barin sa a layi.

“Faint” ma tana da fuska biyu. “She feels faint” tana jin kamar za ta suma, ido ya yi duhu, gumi ya karyo, amma tana cikin hayyacinta. “She fainted” ta riga ta suma. “Dizzy” kuwa jiri ne. Waɗannan uku ba sa musanyuwa.

Kafin ki ɗauki biro, ki yi wa mara lafiyar tambaya uku: duk jiki ne ko gefe ɗaya? Yaushe ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Me kike kasa yi yanzu wanda da kina yi? “Generalised body weakness” ta cika fayilolin asibitocinmu, kuma illarta ita ce tana iya binne abin gaggawa. Wanda hannunsa da ƙafarsa na hagu suka saki da asuba, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe, alamun shanyewar ɓarin jiki ke nan. A rubuta masa “sudden weakness of the left arm and leg since 6 a.m.”, da gefen da lokacin, a kuma kira likita nan take.

“Frail” ma a asibiti tana da ƙa'ida. Ma'aunin da Linda Fried da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2001 ya dogara da abu biyar: ramar da ba a nema ba ta kimanin kilo 4.5 a shekara guda, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, tafiya a hankali, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku ko fiye shi ne “frail”. Don haka ba a rubuta wa mutum ita don kawai ya yi furfura; akwai ɗan shekara tamanin da har yanzu yake noma gonarsa. “Debilitated” ta wanda doguwar cuta, kamar tarin fuka ko kansa, ta cinye ce. Kalmomi biyu kuma kada su kusanci fayil ɗinki. “Decrepit” ta tsohon gini ce ko tsohuwar mota, a kan mutum cin fuska ne. “Feeble-minded” a da kalmar doka ce a Birtaniya, tana cikin wata dokarsu ta 1913 kan masu tawayar ƙwaƙwalwa, amma yau zagi ake ɗaukarta.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Na shigo da kujerun roba daga ƙasar Sin, suna ta fashewa a hannun masu saye. Na rubuta wa masu kamfanin cewa “the chairs are fragile”, sai suka amsa cewa in riƙa kula wajen lodi da sauke kaya. Me ya kamata in ce?

AMSA: Alhaji, kalmar da ka zaɓa ce ta ba su mafita. “Fragile” ita ake bugawa a jikin kwalin gilashi, kuma ma'anarta a fagen kasuwanci ita ce “a ɗauka a hankali”. Ba ta ɗora laifi a kan wanda ya ƙera kayan. Kofin tangaran mafi tsada a duniya ma “fragile” ne.

Duba yadda kujerun ke lalacewa, shi zai ba ka kalmar. Idan ƙafar kujerar na ɓallewa ƙaras ba tare da ta fara lanƙwasa ba, kalmar ita ce “brittle”: abu mai tauri amma marar danƙo, irin tsohon bututun roba da ya sha rana. A kayan roba wannan yakan faru idan an cika tsohuwar roba da aka sake narkawa, ko an cika garin alli don rage kuɗin ƙira, ko ba a sa sinadarin da ke kare roba daga hasken rana ba. Wannan aibin kayan haɗi ne, ba na masu dako ba. Idan kuwa kujerar lanƙwashewa take yi, ƙafafun na buɗewa da an zauna, kalmar ita ce “flimsy”: an yi ta siririya, an yi rowar roba. Idan girgiɗi take yi, “wobbly”. Kada ka yi amfani da “delicate”, domin sau da yawa yabo ce, ita ake faɗa wa leshi da siliki da aikin hannu mai kyau.

Akwai kuma “damaged” da “defective”. Ta farko na nufin kayan sun lalace bayan an gama su, watakila a hanya. Ta biyu na nufin da aibinsu suka fito daga masana'anta. Ta biyun kake nema. Za ka iya rubuta: “The chairs are defective. The plastic is brittle and the back legs snap under normal use.” Ka haɗa da hujja: ɗora samfurin da suka fara aiko maka a sikeli, ka ɗora ɗaya daga cikin waɗanda suka iso, ka rubuta nauyin kowanne. Auna kaurin ƙafar da milimita. Ɗauki hoton bakin karayar daga kusa, ka faɗi guda nawa suka karye cikin guda nawa. Bambancin nauyi tsakanin samfur da kaya ya fi kowace sifa wuyar musantawa.

TAMBAYA, daga wani mai fassarar labarai a gidan rediyo, Kaduna: Kullum muna fassara “vulnerable groups” da “masu rauni”. Wani mai sauraro ya ce shi manomi ne ƙaƙƙarfa, amma an sa shi cikin masu rauni a rabon tallafin ambaliya. Fassarar ce ba daidai ba?

AMSA: Malam, mai sauraronka ya gano gaɓar. “Vulnerable” ba ta maganar ƙarfin jiki. Tushenta “vulnus” ne na Latin, ciwon sara ko suka, kuma ma'anarta wanda cutarwa ke iya riska cikin sauƙi saboda inda yake ko halin da yake ciki. Abin da ya ƙara rikita lamarin a wurinmu shi ne “rauni” a rubutun Hausa tana ɗaukar ciwon da aka ji da kuma rashin ƙarfi, sai mai sauraro ya tafi da ta biyun. Manomin da gonarsa ke bakin kogi “vulnerable to flooding” ne ko da shi ne sarkin kokawar garinsu.

Dabarar ita ce ka nemi abin da ke bayan “to”, ko an faɗe shi ko ba a faɗa ba. Haɗarin mene ne? Daga nan fassara za ta fito da kanta: “waɗanda ambaliya ta fi yi wa barazana”, “waɗanda cutar ta fi saurin kamawa”, “yaran da ba su da mai kula da su”. “Masu rauni” ta dace idan tsofaffi da marasa lafiya ake nufi, ban da haka a sauya ta. A labarin kwamfuta kuma, “vulnerability” kafa ce da masu kutse za su iya bi.

Wuri biyu na buƙatar kulawa ta musamman a ɗakin labarai. Na farko sifanta ƙasashe. “Fragile state” ƙasa ce da hukumominta ke aiki amma girgiza ɗaya, ta yaƙi ko fari ko rikicin zaɓe, na iya durƙusar da su. “Failed state” ta riga ta durƙushe. Cibiyar Fund for Peace ta Amurka, mai fitar da jerin ƙasashe duk shekara, ta sauya sunan jerin nata daga “failed” zuwa “fragile” a 2014, don haka wanda ya fassara “fragile” da “ƙasar da ta gaza” ya faɗi abin da rahoton bai faɗa ba.

Na biyu labarin namun daji. A jerin ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, “vulnerable” mataki ne da ke ƙasa da “endangered” wajen tsananin haɗarin, ita kuma tana ƙasa da “critically endangered”. Raƙuman dawan yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu zuwa ƙasa da 50 a tsakiyar shekarun 1990. Da aka kare su suka haura 600, sai a 2018 aka mayar da su daga “endangered” zuwa “vulnerable”. Labari ne mai daɗi. Mai fassarar da bai san jerin matakan ba zai iya karanta shi a matsayin mummunan labari.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Da Faransanci muka yi karatu, yanzu ina koyon Turanci. Ko zan iya sa “weak” duk inda Faransanci ya sa “faible”?

AMSA: A'a, Malam. “Faible” ta fi “weak” faɗi, domin tana ɗaukar ƙanƙantar adadi ma. “Faible revenu” a Turanci “low income” ne. “Pluie faible”, “light rain”. “Faible lumière”, “dim light” ko “faint light”. “Faibles chances”, “slim chance”. Inda ake maganar ƙarfi, na jiki ko na hali ko na hujja, nan ne “weak” ke zama daidai.

Ka yi hattara da kalmomi biyu masu kama da juna a ido. “Infirme” a Faransanci naƙasasshe ne, “infirm” a Turanci kuwa wanda tsufa ko ciwo ya raunana, kuma tsohuwar kalma ce da aka fi gani a “the old and infirm”. Mai naƙasa a Turancin yau “a disabled person” ne ko “a person with a disability”. Haka “débile”, wadda a bakin masu Faransanci ta zama zagi, ba ta da alaƙa da yadda ake amfani da “debilitating”. “A debilitating illness” cuta ce mai karya jiki, babu zagi a ciki. Yaron da ake ce wa “fragile” a Faransanci don yana yawan laulayi, a Turanci “a sickly child” ko “a delicate child” ne.

TAMBAYA, daga wani mai neman aiki a Jos: A ganawar ɗaukar aiki sukan ce “What is your greatest weakness?” Zan iya amsawa da “flaw” ko “fault” don kada in maimaita kalmarsu?

AMSA: Maimaita tasu ya fi maka, ɗan'uwa. “Weakness” a nan fanni ne da ba ka ƙware ba, kuma ana iya gyara shi. “Shortcoming” na kusa da ita, gazawa ce wajen cika abin da ake buƙata. “Flaw” ta fi nauyi, aibi ne a ginin halin mutum. “Fault” na jawo maganar laifi. “Vice” mugun hali ne irin caca da shaye-shaye, ba ta da wuri a ganawar aiki. “Foible” ɗan ƙaramin hali ne da ake yi wa murmushi, asalinta sunan sashen takobi ne daga tsakiya zuwa tsini, inda ƙarfen ya fi rauni. Idan ka yi amfani da ita za a ga kamar kana kauce wa tambayar.

Kula da ƙananan kalmomin da ke biyo baya. “I am weak at public speaking” ko “weak in statistics” na nufin ba ka ƙware ba. “I have a weakness for” kuwa na nufin kana son abu har ba ka iya haƙura da shi, kamar kilishi ko zaƙi. Wanda ya ce “I have a weakness for accounting” ya ce yana ƙaunar aikin akanta, akasin abin da yake nufi. Sannan wajen furuci, “important” ana danna gaɓar tsakiya, “impotent” ana danna ta farko, kuma ta biyun, ban da rashin iko, tana nufin rashin ƙarfin namiji.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin ilmi a Sakkwato: Me ya sa littattafan Turanci ke kiran hadisi mai rauni “weak hadith”? “Feeble” ba ta fi ƙarfin ma'ana ba?

AMSA: Malam, “weak” ce kalmar da masu fassara suka tsaya a kanta don “da'if”, kuma ta dace saboda ba ta ɗauke da raini. Hukunci ne na ilmi: hadisin bai cika sharuɗɗan “sahih” ko “hasan” ba, ko don yankewa a isnadi, wato jerin masu ruwayarsa, ko don matsala a riƙon wani mai ruwaya ko adalcinsa. “Feeble” za ta shigo da izgili, “fragile” kuma za ta nuna yana tsaye yanzu amma yana iya rushewa, wanda ba shi ake nufi ba. Mai ruwayar ma “a weak narrator” ake ce masa. Hadisin da aka ƙaga, wato “maudu'i”, shi ne “fabricated” ko “forged”, kuma ba a haɗa shi da “weak” a fassara, domin a wurin malaman hadisi matakansu daban ne.